Tara tsofaffin wuƙaƙen aljihu na Amurka: ta ina ake farawa?

Tambaya: Wani ɗan'uwa da ke aiki a jihar Ohio ta Amurka ya rubuto cewa ya sayi wuƙaƙen aljihu biyu a kasuwar gwanjo ta ƙarshen mako. Ɗaya an rubuta Old Timer a jikin ƙotarta, ɗayar kuma Case ce mai ɗigo takwas a wuyanta. Abin ya shiga ransa, yana so ya fara tarawa. Yana tambayar yadda ake gane shekarun wuƙa, yadda ake bambance ta gaske da jabu, ko ya goge baƙin da ya hau ruwansu, da kuma ko akwai riba in ya tara su ya zo da su gida Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, barka da shigowa wannan harka. Bari mu fara da biyun da ke hannunka, domin sun isa su koya maka rabin abin da kake nema.

Ɗauki Case ɗin, ka buɗe babban ruwanta, ka duba wuyan, wato daidai inda ruwan ya shiga cikin ƙota. A nan kamfani ke buga tambarinsa. Kamfanin Case, wanda ke garin Bradford a jihar Pennsylvania tun 1905, ya fito da tsarin ɗige-ɗige a 1970. A shekarar ya sa ɗigo goma, kowace shekara kuma a cire ɗaya, har aka kai ɗigo ɗaya a 1979. Da 1980 ta shigo sai aka sake komawa goma. Ke nan ɗigo takwas na iya zama 1972, na iya zama 1982. Harafin S ne zai raba gardama. In ya fito yadda aka saba rubuta shi, ɗige-ɗigen kuma suna ƙarƙashin U.S.A., wuƙarka ta 1972 ce. In kuwa S ɗin ya yi kwana-kwana irin zanen walƙiya, ɗige-ɗigen suna saman U.S.A., to ta 1982 ce. Kafin zamanin ɗigo sai dai a yi lissafi zango-zango: Case XX U.S.A. ba ɗigo daga 1965 zuwa 1969, Case XX kaɗai daga wajen 1940 zuwa 1964, Case Tested XX kuma daga wajen 1920 zuwa 1940. Duk zangon da ka ja baya kuɗi na ƙaruwa, masu jabu ma na ƙaruwa.

Akwai kuma wata lamba a bayan wuyan, ko a wuyan ɗaya daga cikin ƙananan ruwan. A ce ka ga 6254. Lambar farko tana gaya maka abin da aka yi ƙota da shi, ta biyu yawan ruwan wuƙar, sauran kuma lambar fasalinta. 6 na nufin ƙota mai sassaƙa, yawanci ƙashi. 5 ƙahon barewa. 3 roba ruwan ɗorawa. 8 ɓawon kifin lu'ulu'u mai ƙyalli. Saboda haka 6254 wuƙa ce mai ƙota sassaƙaƙƙiya, ruwa biyu, fasali na 54, wanda suke kira Trapper. Sai dai ka kula, lamba 6 ba ta rantse maka cewa ƙashi ne ba, domin Case ya riƙa sa wannan lambar har a kan roba da katako masu irin wannan sassaƙa. Tun da na san wani zai tambaya, ƙashin da ake amfani da shi na ƙwaurin saniya ne, a dafa shi, a yanka, a sassaƙa, a rina.

Old Timer ɗin kuwa tambaya ɗaya ce a kanta: akwai U.S.A. a wuyanta ko babu? Kamfanin Schrade ne ya ƙirƙiro sunan a ƙarshen shekarun 1950. George Schrade ya kafa kamfanin a Walden ta jihar New York a 1904, aka mayar da aikin garin Ellenville a 1958, aka kuma rufe masana'antar a watan Yulin 2004. Wani kamfani mai suna Taylor Brands ya sayi sunan, ya ci gaba da ƙera Old Timer a ƙasar Sin, da fasali iri ɗaya da lamba iri ɗaya. In taka ta ce Schrade Walden N.Y. U.S.A., kafin 1973 aka yi ta. In ta ce Schrade N.Y. U.S.A. ko Schrade U.S.A., tsakanin 1973 da 2004 ne. In babu U.S.A. ko kaɗan, wuƙar aiki ce kawai, ka yanka igiya da ita ka fere lemo, amma ba ta cikin abin da ake tarawa.

Wannan shi ne babban abin da nake so ka riƙe a duk harkar: sunaye sun fi masana'antunsu tsawon rai. Yawancin kamfanonin da suka yi tashe sun mutu, amma sunayensu na nan ana saye ana sayarwa, ana buga su a kan kayan da ba su haɗa komai da na da ba. Camillus, wanda ya ƙera wa sojojin Amurka miliyoyin wuƙaƙe a Yaƙin Duniya na Biyu, ya rufe a watan Fabrairun 2007, amma har gobe za ka ga sabuwar wuƙa mai sunan Camillus a kanti. Queen na garin Titusville ya rufe a farkon 2018. Remington, kamfanin bindiga, ya ƙera wuƙaƙe da kansa a Bridgeport ta jihar Connecticut daga 1920 zuwa 1940 kawai. Shahararriyar wuƙarsa mai alamar harsashi a ƙota, wadda ta fara fitowa a 1922, an dawo da ita a 1982, amma Camillus ne ya ƙera masa. Duka biyun Remington aka rubuta, duka da harsashi a jiki, amma ta asali mai lafiya tana kai dubban daloli, ta baya kuwa ba ta kama ƙafarta ba. Haka Winchester: ya yi wuƙaƙe tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, sannan a ƙarshen shekarun 1980 aka farfaɗo da sunan a kan wuƙaƙen da Queen ya ƙera. Waɗannan na baya ba jabu ba ne, da izini aka yi su, kuma aikinsu na da kyau. Matsalar sai wani ya goge su da ƙasa ya sayar maka a matsayin na 1930.

Wani lokacin ma sunan da ke wuya tun asali ba na maƙeri ba ne, na ɗan kasuwa ne. Keen Kutter sunan kayan kamfanin Simmons ne na birnin St. Louis, mai sayar da kayan aikin gida da na gona. John Primble na kamfanin Belknap ne a Louisville. Craftsman a lokacin na kantunan Sears ne. Waɗannan duk kwangila suke bayarwa, yau wannan masana'anta gobe waccan. Ko Buck, da ya shahara da babbar wuƙarsa mai lamba 110 ta 1964, ƙananan wuƙaƙensa na aljihu Schrade ne ya fara yi masa su, daga baya Camillus ya karɓa na tsawon shekaru. Wanda idonsa ya buɗe yana gane masana'antar da ta yi wuƙa daga salon sassaƙar ƙashinta da yadda aka wasa ruwanta, ko da wane suna aka buga.

Yana da kyau ka san dalilin da ya sa ake zumuɗin na kafin 1940. Har tsakiyar ƙarni na 19 yawancin wuƙaƙen aljihun da Amurkawa ke riƙewa daga Sheffield ta Ingila suke zuwa, daga baya Solingen ta Jamus ta shigo da masu araha. Maƙeran Sheffield ne suka yi ƙaura suka kafa sana'ar a Connecticut da New York. New York Knife Company na Walden, mai tambarin hannu riƙe da guduma, irin waɗannan baƙin ne suka kafa shi. Sai gwamnati ta ɗaga harajin shigo da kaya a 1890, ta ƙara ɗagawa a 1897. Adolph Kastor, wanda da sana'arsa shigo da wuƙaƙen Jamus ce, dole ta sa ya sayi masana'anta a ƙauyen Camillus a 1902. Dokar 1890 ɗin ce kuma ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya a jikinsa, shi ya sa in ka ga England ko Germany a wuyan wuƙa, galibi bayan wannan lokacin ne aka yi ta. Daga nan zuwa Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu da yawa suka yi ta gasa, Cattaraugus, Robeson, Union Cutlery mai Ka-Bar, Schatt & Morgan, Ulster, kowa na ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa, kuma da hannu ake wasa ruwa, da hannu ake haɗa wuƙa. Karyewar tattalin arziki ta 1929 ta kashe wasu, New York Knife ya rufe a 1931, yaƙi ya mayar da sauran ga aikin soja. Bayan yaƙi an rage yawan fasali, inji ya karɓi aiki da yawa, a shekarun 1960 kuma robar Delrin ta fara maye gurbin ƙashi.

To yanzu ga yadda ake duba wuƙa, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. Tambari shi ne abu na ƙarshe da za ka kalla, domin shi ya fi sauƙin ƙirƙira. Fara da wuƙar a rufe. Dubi bayanta inda sifirin, wato ƙarfen da ke riƙe ruwan a buɗe ko a rufe, yake kwance tsakanin fallayen tagulla: akwai gibi? Ɗaga ta ga haske, in haske na ratsawa sosai, ko aikin bai yi kyau ba tun asali ko an taɓa warware ta. Dubi tsinin kowane ruwa. Ya kamata ya nutse cikin ƙota. In ya leƙo waje har yana kama yatsa, an cinye ruwan da wasawa. Sannan ka buɗe kowane ruwa a hankali ka saurara. Lafiyayyar wuƙa tana tafiya sumul, ta tsaya ƙas in ta buɗe, ta kuma koma ƙas in an rufe. In ruwan ya koma a sanyaye sai ka tura shi da yatsa, sifirin ya gaji ko wuyan ya cinye. In ya buɗe, kama shi ka ɗan girgiza hagu da dama. Rawa kaɗan a tsohuwar wuƙa ba laifi, amma in yana kaɗawa, ka rage kuɗi.

Bayan haka ka kwatanta tsawon ruwan da faɗinsa da yadda ya fito daga masana'anta. Nan ne tsofaffin kundayen tallan kamfanoni ke da amfani, kuma da yawansu an ɗora hotunansu a intanet. Ruwan da ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na jikinsa ya zubar da fiye da rabin darajar wuƙar, ko da ƙotar na sheƙi. Dubi ƙusoshin ƙota, domin a nan ƙashi ke fara tsagewa. Ka riƙa yawo da ƙaramin gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Da shi za ka ga ƙananan ramuka da ɗige-ɗigen baƙi a jikin ƙashi na gaske, roba kuwa sumul take, kuma sassaƙarta iri ɗaya ce a kowace wuƙa domin a zubi aka yi ta. Kada ka yarda da shawarar soka allura mai zafi. Ka lalata kayan mutane ne kawai.

Sai yanzu ka zo ga tambari, kana tambayar kanka ko ya dace da sauran jikin. Jabun da ke yawo iri uku ne galibi. Na farko, a samu tsohuwar wuƙa ta ƙaramin kamfani, a goge tambarinta, a buga Case Tested ko Remington. Alamarsa ita ce wuyan ya fi sifirin da ke bayansa siranta, domin an ci ƙarfe wajen gogewa; a wuƙar da ba a taɓa ba kaurinsu ɗaya ne. A masana'anta ana buga tambari ne tun ƙarfen yana da taushi, kafin a gasa shi a goge, saboda haka bakin haruffan a kwance yake. Wanda aka buga daga baya a kan gasasshen ƙarfe yakan fito sama-sama, ko gefen haruffan ya tashi. Na biyu, a yanke wuya mai tambari na gaske daga mataccen ruwa, a yi masa walda da sabon ruwa. In ka karkata shi a haske za ka ga launin ƙarfen ya bambanta a wurin haɗin. Na uku kuma, wanda ya fi yawa, haɗe-haɗe ne: ruwan wannan, ƙotar waccan, sifirin wata. Da masana'antu suka rufe an yi gwanjon tarin sassan da ba a haɗa ba, mutane suka saya suka haɗa a gida. Kowane sashe na gaske ne, amma wuƙar ba ta taɓa fitowa daga ƙofar kamfani ba.

Abin da ke tona asirin dukkansu shi ne tsufa ba ya zaɓe. Wuƙar da ta yi shekara tamanin a aljihu, komai nata tare ya tsufa: ƙotar ta lashe, ƙarfen bakin ƙota ya yi zane-zane, cikin ya yi baƙi, tambarin ya fara dushewa daidai inda yake gogar tagulla. In ka ga ƙota ta sha wuya amma ruwa sabo fil, ko ruwa duk ramukan tsatsa amma tambari rangaɗau kamar jiya aka buga, ajiye ta ka wuce. Ka kuma bincika ko kamfanin ya taɓa yin wannan fasalin da wannan ƙotar a wannan zangon. Misali, Case bai fara buga lambar fasali a kai a kai ba sai ƙarshen shekarun 1940, saboda haka Tested XX mai lamba a baya na bukatar kallo na biyu.

Game da gogewa, amsata a'a ce, kuma da ƙarfi. Yawancin tsofaffin wuƙaƙen nan da baƙin ƙarfe mai tsatsa aka yi su, irin wanda ake kira 1095, ko na Case mai alamar CV. Wannan toka-toka ko baƙi-baƙin da ya hau ruwan ba cuta ba ne, yana ma ɗan kare ƙarfen. Jar tsatsa mai tashi ita ce abokiyar gaba. Ita ma ba da takardar yashi ake cire ta ba, balle injin gogewa. Ka ɗiga mata mai, ka bar ta ta kwana, ka kankare a hankali da bakin fensir ko ɗan guntun tagulla, ka share da tsumma. Cikin wuƙar kuma tsinken sakace da mai sun isa. Dalili shi ne masu tarawa suna biyan kuɗi ne don fuskar da masana'anta ta yi wa ruwan. A da sukan goge gaban babban ruwa ya yi kamar madubi, sauran kuma a bar su da siraran layukan dutse, wani lokacin a zana sunan kamfani sama-sama a jikin ruwan. Inji na share wannan duka a minti ɗaya, ya dakushe kusurwoyin ruwan, ya ja haruffan tambari su yi jela. Wanda ya san kaya daga nesa zai gane gogaggiyar wuƙa, kuma duk ƙyallinta ba za a ƙara kiranta sabuwa ba. Ni a wurina baƙar wuƙa mai cikakken ruwa ta fi mai sheƙi da aka ci rabinta. Kada kuma ka wasa wadda ba a taɓa wasawa ba. In kana son ta aljihu, ware ɗaya wadda dama ta sha aiki, Old Timer ɗin nan taka ma ta isa.

Akwai wata ƙota da dole in ja maka kunne a kanta, ita ce seluloyid. Tsohuwar roba ce da ake haɗawa da audugar da aka jiƙa a asid da kuma kafur, ita ce ke ba da waɗancan ƙotoci masu launi-launi, masu ratsi ja da fari, ko masu kama da lu'ulu'u ko fasasshiyar ƙanƙara. Tana da kyau ƙwarai, amma wata rana, ba gargaɗi, sai ta fara ruɓewa tana fitar da tururin asid. Alamar farko ita ce tsatsa a daidai ɓangaren ruwan da ke waje in wuƙar na rufe, ɓangaren da ke ciki kuma fes. Sai tagullar ta yi kore, ƙotar ta motse ta ja baya daga ƙarfen bakinta, ta fara wari. In tana cikin akwati ɗaya da wasu, duk sai ta cinye su. Babu magani in ta fara, sai dai a ɓamɓare ƙotar a jefar. Zafi na gaggauta abin, kuma tana kama wuta nan da nan. Tun da kana da niyyar kai su Kano, inda ɗaki mai rufin kwano ke zama tanderu a watan Afrilu, shawarata ka bar seluloyid gaba ɗaya. In kuma wata ta sace maka zuciya, ajiye ta ita kaɗai a wuri mai iska, ka riƙa leƙa ta.

Me za ka tara? Kada ka ce komai da komai, za ka ƙare da tarin tarkace ba ka san ko ɗaya da kyau ba. Wasu kamfani ɗaya suke bi, wasu fasali ɗaya daga kamfanoni daban-daban, kuma na biyun ya fi koyar da ido domin kana kwatanta aikin maƙera a kan abu ɗaya. Stockman wuƙar makiyaya ce mai ruwa uku: dogo mai tsini na aikin yau da kullum, mai miƙaƙƙen kaifi na yankan fata da gyaran kofato, da gajere mai dunƙulen kai na fiɗiyar dabbobi. Trapper mai dogayen ruwa biyu ta masu fiɗar namun daji ce. Barlow, mai dogon ƙarfe a bakin ƙota, asalinta Sheffield ne, amma kamfanin John Russell na Massachusetts ne ya mayar da ita wuƙar kowane yaro a Amurka, da tambarinsa na harafin R da kibiya ta ratsa. Akwai wuƙaƙen 'yan sikawut, waɗanda ake yi da izinin ƙungiyar tun 1911, masu abin buɗe gwangwani da basilla. Akwai TL-29, wuƙar masu aikin waya da lantarki ta sojan Amurka, mai ruwa ɗaya da sukundireba, wadda kamfanoni da dama suka yi wa gwamnati.

Da ni ne kai, da Schrade da Camillus da Ulster na bayan yaƙi zan fara. Suna da yawa a kasuwannin gwanjo na Ohio da Pennsylvania, kuɗinsu bai wuce na cin abinci sau ɗaya ko biyu a gidan abinci ba, kuma ba wanda zai ɓata lokacinsa yana yin jabunsu. Ka sayi Old Timer mai lamba 34OT, ka sayi mai lamba 8OT, ka nemi Uncle Henry ta Schrade mai lamba 897UH, wadda aka raɗa wa sunan Henry Baer, ɗan'uwan mai kamfanin. Ka riƙe su, ka buɗe, ka rufe, har hannunka ya san yadda wuƙar da ba a taɓa ba take. Bayan shekara ɗaya ko biyu ka matsa zuwa Case na zamanin ɗigo, sannan XX. Tested da Remington na asali kuwa ka bar su sai ka riƙe na gaske da yawa a hannun mutanen da suka san su. Don haka ka je bajekolin wuƙaƙe in ka samu dama. Mafi girma shi ne Blade Show da ake yi a Atlanta a watan Yuni, amma ƙananan taruka na ƙungiyoyin jiha sun fi amfani ga mai koyo, domin dattawan da ke zaune a bayan tebur suna son a tambaye su. Bradford ma ba ta da nisa sosai daga Ohio, kuma akwai gidan tarihi na Zippo da Case a can. Zippo mai ƙera laita shi ya sayi Case a 1993. A kasuwar intanet ta eBay kuwa kada ka sayi wadda ba a nuna hoton wuyan kowane ruwa gaba da baya ba, da hoton bayanta a rufe, kuma ka duba farashin da aka sayar da irinta, ba wanda ake nema ba.

Abu biyu ka kauce musu saboda doka. Wuƙa mai maɓalli da ke fallewa da kanta, dokar tarayya ta 1958 ta taƙaita cinikinta tsakanin jihohi da shigo da ita, kuma kowace jiha da nata hukuncin. Sai ƙotar hauren giwa, wadda ketare iyaka da ita na iya jawo maka ƙwace da tuhuma, ko da ta shekara ɗari.

Maganar riba, ba zan ruɗe ka ba. Waɗanda suka ci riba su ne suka sayi na kafin yaƙi tun ana ganinsu tarkace. Daga shekarun 1970, da tarawa ta zama yayi, kamfanoni suka fara fitar da wuƙaƙen tunawa da kaza da kaza, a akwati mai ƙyalle, da lamba da takardar shaida. Kowa ya saya ya ɓoye, ba wanda ya yanka ko zare da su, saboda haka yau suna nan birjik sababbi, da yawansu ba su mayar da kuɗinsu ba in ka yi lissafin faɗuwar darajar dala. Wadda ke tsada ita ce wadda aka yi don aiki, aka sayar da dubbai, aka cinye kusan duka da wasawa, 'yan kaɗan suka tsira. Sannan masu biyan wannan kuɗin a Amurka suke. A Kurmi ko Sabon Gari da kaifi ake kimanta wuƙa, ba wanda zai ƙara maka sisi don ɗigo takwas. In sayarwa ce niyyarka, ka sayar kafin ka taso.

In kuma don kanka za ka zo da su, ka sa su a jakar da ake aunawa a shigar cikin jirgi, ba ta hannu ba, domin a wurin bincike za a karɓe su ko da ƙanana ne. Ka riƙe rasit, kuma kada ka cika jaka da su har a ɗauka kasuwanci ne. A gida, damina ce za ta gwada ka: a Yuli da Agusta baƙin ƙarfe na iya yin tsatsa cikin kwanaki, har shatin yatsa na zama tabo. Ka shafa musu man keken ɗinki sama-sama, ɗigo ɗaya a mahaɗa, ka share bayan duk taɓawa. Ban da man gyaɗa ko manja, suna daskarewa su yi danƙo. Kada ka adana su cikin kube ko jakar fata, domin jima na riƙe danshi, tana kuma sa tagulla ta yi kore. Ka tara waɗannan ƙananan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi da na magani, ka zuba a akwatin. Da hunturu kuma ƙashi da ƙaho ne ke shan wahala, bushewa na tsaga su a bakin ƙusa, saboda haka ka ɗan shafa musu farin man nan marar ƙamshi da ake samu a kemis sau ɗaya kafin iska ta taso, ka kuma nisanta akwatin daga taga.